Kundin Mama Ya Tsaya A Aji Tara

Kun dame ni da tambaya a kan Wendell, na amsa masa ko ban amsa ba. To yau za ku ji. Amma ku yi haƙuri in fara da teburin kicin ɗinmu, don daga can maganar ta taso.

Ga wanda bai san ni ba, sunana Marnie, shekarata ashirin da huɗu, ni ce ta biyu a cikinmu mu biyar. Gidanmu yana bayan gari a gabashin Tennessee, a gindin dutse. Babu ɗayanmu da ya taɓa shiga motar makaranta. Mama ce ta koyar da mu duka a gida, a kan teburin da Daddy ya ƙera shekarar da aka haifi yayana. Har yau in ka karkata kai ka dubi katakon ta gefen taga, za ka ga sawun rubutunmu a jikinsa, inda muka riƙa danna fensir da ƙarfi.

Littattafan lissafi da na kimiyya Mama saye take yi. Amma darasin harshe, wato karatu da rubutu da nahawu, ta ce babu mai sayar mata. Kowane ɗa da kundinsa, da hannunta take rubutawa, shekara bayan shekara. Da rani tana ɓare wake a cikin faranti, ɗayanmu yana karanta mata littafi da ƙarfi. In ka yi sauri, ba ta ko ɗaga kai, sai dai ta ce, "Wa ke korarka?" Ranar Talata kuwa ta nahawu ce. Ta rubuta jimla a ƙaramin allon da ke bayan ƙofa, ta tsattsage ta da alli, kowace kalma a kan layinta, har ta koma kamar ƙashin kifi. Mu yi ta gunaguni, ita tana murmushi kamar wadda ta gama dafa abin daɗi.

Shekara ɗaya da rabi ke nan da rasuwarta, a watan Fabrairun bara. Lokacin autarmu Delia tana aji takwas. A kan gadon jinya Mama ta ci gaba da rubuta mata kundinta, har ta gama na aji tara. Daga nan sai fararen takardu. Yayana da ƙannena biyu duk sun bar gida, ni na rage, don haka ni na zauna a kujerar Mama na ƙarasa wa Delia shekara ɗaya da rabi da abin da aka bar mana.

Yanzu Delia ta kai sha biyar, za ta shiga aji goma, kundi kuwa ya ƙare.

Za ku ce me ya hana in ɗauko nawa na aji goma. Na ɗauko. Rabinsa a cikin kan Mama yake, ta tafi da shi. Abin da ke kan takarda sunayen littattafai ne da 'yan kalmomi. A wani shafi ta rubuta, "Tambaye ta batun kogin." Wane kogi? Na zauna a ƙasan ɗakinta na yi ta tunani, ban tuna ba. Na rufe na mayar.

Ranar Lahadi bayan coci, Anti Loretta, yayar Daddy, ta biyo mu gida kamar kullum. Ta sha rigarta mai shuɗin furanni, gashin nan an busar an tayar da shi sama, tabarau na lilo a ƙirjinta da siririyar sarƙa. Ta zo da soyayyar kaza, ni na yi burodin masara da wake. Daddy bai gama cewa amin ba ta juyo kaina.

"Marnie, kin miƙa takardar Delia?"

Kowace shekara kafin ɗaya ga Agusta sai mun rubuta wa makarantar cocin da muke rajista a ƙarƙashinta abin da yaro zai karanta. Ita take nufi.

"Saura layi ɗaya, Anti."

"Wane layi?"

"Na harshe."

"Tun watan Mayu nake jin saura layi ɗaya. Layin nan har ina ya kai?"

Ta buɗe jaka ta zaro wata takarda a ninke, ta ajiye kusa da kofin shayina mai ƙanƙara.

"Matar fasto ta ba ni. Ta intanet ake yi. Akwai malama a can wani gari, ita za ta karanta rubutun yarinya ta sa maki. Delia ta riƙa wuni a wurina, ɗaki na nan a banza tun da mijina Earl ya rasu. Ke kuma ki je ki yi aurenki."

"Anti, ai Mama ba ta taɓa..."

"Uwarku Corinne ta yi nata ta gama, Allah ya ji ƙanta. Da tana raye da ta riga ni korar ki daga gidan nan. Kina tsammanin yaron nan zai tsufa yana jiranki? Yana da aikin yi, yana zuwa coci, ba ya shan komai sai kofi. Ni a zamanina da na samu irinsa, da Earl bai ga ko ƙeyata ba." Ta juya. "Boyd, ka yi magana mana!"

Daddy ya dube ta, ya dube ni, ya ce, "Miƙo min waken nan."

Delia kuwa kanta na cikin faranti. Na ɗauka bayana take goyo. Ku riƙe wannan, don na yi kuskure.

Bari in gaya wa sababbi ko wane ne Wendell. Dogo ne, kunnuwansa sun ɗan fito, wuyansa kullum a ƙone da rana. Aikinsa hawa turakun lantarki. Shekara uku da suka wuce ƙanƙara ta tsinka mana waya, aka turo shi gyara. Da ya gama ya tsaya a bakin ƙofa yana rawar sanyi, ya yi wata jimla a karkace. Mama ta gyara masa, ta sa ya maimaita, sannan ta ba shi kofi. Ya dawo sati na gaba wai ya manta safar hannunsa. Babu wata safa.

Yanzu an ba shi shugabancin ma'aikata a yammacin Kansas, har da gida. Yana so mu yi aure a watan Oktoba mu tafi tare. Wata biyu ina ce masa, "Bari in gama da maganar Delia."

Da yamma ina wanke-wanke wayata ta yi ƙara, saƙo ne daga Wendell.

"Malama, kin sha da ƙyar a hannun Anti Loretta?"

"Wa ya gaya maka?"

"Ta tsare ni a ƙofar coci. Ta tambayi ko ina da ciwon da nake ɓoyewa."

Na yi dariya ni kaɗai, kumfa har gwiwar hannu. Sai wani saƙon ya shigo.

"Marnie, a wurin aiki sun ce Larabar mako mai zuwa suke son amsa. Ba matsa miki nake yi ba. Faɗa miki nake."

Na goge hannu, na rubuta, na share, na sake rubutawa. Ƙarshe abin da na tura shi ne, "Asabar akwai baje kolin littattafan 'yan karatun gida a Knoxville. Za ka kai mu?"

"Ƙarfe bakwai ina ƙofar gida."

Ranar Asabar na tsaya gaban madubi na rasa abin sawa. Sai na ɗauko rigar Mama mai ruwan ƙwai, mai ƙananan maɓallai a gaba, wadda take sawa duk shekara in za ta wannan taron. Ta yi min daidai, sai ɗan tsayi. Na ɗaure gashina baya, na sa farin takalmi mara tsini. Na sauko na tarar da Delia a bakin matakala, ta sa tsohuwar rigar yayanmu da ta kai mata gwiwa, da takalmin gona. Ta dube ni sama da ƙasa, ta sa abin jin sauti a kunne, ta wuce mota.

Hanyar nan na san ta kamar tafin hannuna. Muna yara mu biyar muke cika bayan mota, Mama ta ɗaure mana burodi da man gyaɗa a leda, ta ce duk wanda ya ɓata a cikin taro ya tsaya wurin mai sayar da taswira. Ni da gangan nake ɓata, don in kalli taswirori.

Zauren yana nan yadda na bar shi. Ƙamshin sabuwar takarda, iyaye mata na jan akwatuna masu taya, jarirai na kuka, maza sun jeru a kujerun bango suna gyangyaɗi. Wendell ya karɓi jakata ya rataya a kafaɗa ba kunya, ya ce, "Ni ɗan dako ne yau, ku yi gaba."

Rumfar farko wani mutum ne mai jan ƙyalle a wuya. Nasa akwati ne guda, komai na ciki, darasi ɗari da tamanin, kowace rana da shafinta, a cike gurbi a wuce.

"Ko uwa ba ta iya komai ba, yaro zai gama," in ji shi.

Na buɗe littafin nahawun. Jimloli ne marasa rai, an jera su kamar gwangwanaye. Na mayar masa na ce na gode.

Ta biyu ita ce ta takardar Anti Loretta. Wata budurwa ce da kwamfuta a gabanta, tana nuna yadda ɗalibi ke tura insha'insa, malama ta dawo masa da shi da gyara cikin kwana uku. Ban ko tsaya ba. Na lura Delia ta ɗan ja baya a wurin, na ɗauka igiyar takalminta take gyarawa.

A can ƙarshen layi na same ta. Wata dattijuwa mai furfura, ta shimfiɗa zanen tebur mai kwalliyar hannu, ta jera tsofaffin littattafan labari. Manhajarta babu gurbin cikewa. A karanta littafi tare, a yi hira a kansa, a rubuta. Na buɗe jagoran malami, sai ga jimla an tsattsage ta, ƙashin kifi sak. 'Yan uwa, sai da na dafa teburin.

"Wannan fa sai da mutum," in ji dattijuwar. "Kullum awa ɗaya da rabi, ku biyu, fuska da fuska, shekara uku. In ba za ki samu zama ba, kada ki ɗauka, 'yata."

"Zan samu," na ce.

Na ji Wendell ya gyara tsayuwa a bayana. Shekara uku. Ya ji, na san ya ji.

Na juya da littafin a hannu. "Delia, zo ki gani. Irin na Mama ne!"

Ta zare abin kunnenta guda ɗaya.

"Ba na so."

"Ko dubawa ba ki yi ba."

"Na ce ba na so."

Ta juya ta kama hanyar fita. Na ba dattijuwar haƙuri na bi ta. Na same ta a waje kan wani bencin siminti, kusa da mai sayar da lemo, rana na dukan ta. Wendell ya tsaya nesa, ya shiga karanta wata sanarwa a bango kamar za a yi masa jarrabawa a kanta.

"Wannan wane irin rashin kunya ne a gaban mutane?" na ce.

"Kin ga? Haka ma take faɗa."

"Wa?"

"Mama. Da muryarta kike magana. Da muryarta kike karatu. In na yi sauri ki ce wa ke korata. Yau har rigarta kika sa, Marnie! Da kika sauko daga bene sai da gabana ya faɗi."

Na dubi rigar. Na rasa inda zan sa hannuna.

"Na ɗauka haka kike so," na ce. "Na ɗauka in komai ya zauna yadda yake..."

"Ai bai zauna ba." Ta share hanci da hannun riga. "Kin san shekara ɗaya da rabi ban rubuta gaskiya ko sau ɗaya ba? Kin ce in rubuta a kan wurin da na fi so, na rubuta a kan rafi. Ni ina ruwana da rafi? Ɗakin Mama nake so in rubuta. Warin maganin nan. Ranar da na ƙi shiga in gaishe ta saboda ina jin tsoron fuskarta, washegari kuma..." Ta murza ido da bayan hannu. "Ta yaya zan ba ki wannan ki sa min maki? Layi biyu za ki karanta ki fara kuka, ni kuma in koma lallashinki."

Mai lemo ya rage sautin rediyonsa. Na zauna kusa da ita, simintin na ƙona ni ta cikin riga.

Ban san da maganar ranar nan ba. Gida ɗaya muke, tebur ɗaya, kullum awa huɗu, ban sani ba.

"Ina son wadda ba ta san Mama ba," in ji ta. "Wadda za ta ce min sakin layin nan bai yi ba, a sake. Ba tausayi. Ni ce ma na kai wa matar fasto maganar, na ce ta ba Anti Loretta takardar."

"Ke?"

"Da ni na ba ki, da kin shige ɗaki kin rufe ƙofa."

Gaskiya ta faɗa. Da na shige.

Na ce, "To ni fa? Me zan zama?"

Ta dube ni kamar na yi tambayar wauta. "Yayata mana. Na yi kewar yayata. Da can ke kike rubuto min amsa a tafin hannu ranar Talata in Mama ta juya baya."

Na yi dariya, dariyar ta juye kuka, ita ma ta kama. Muka zauna nan muna jan hanci kamar yara. Can Wendell ya matso da lemo uku, ya miƙa mana, ya ce, "Sanarwar can ta bara ce ma. Na karanta ta sau shida."

Muka koma ciki. Delia da kanta ta zauna gaban budurwar mai kwamfuta, ta jera mata tambayoyi. Malamar tana da tsanani? In an rubuta abin da ya shafi gida, wa zai gani? Ni ina tsaye a baya riƙe da kofin lemo, ba a tambaye ni komai ba sai sa hannu. Na sa. Da muka zo wucewa ta rumfar dattijuwar nan ta ɗaga min hannu, na ɗaga mata, ban tsaya ba.

A hanyar dawowa Delia ta yi barci, kanta a kafaɗata. Rabon da ta yi haka tun tana 'yar shekara goma.

Wajen ƙarfe huɗu muka iso. Wendell bai shiga da mota har gida ba, ya tsaya a bakin hanya wurin akwatin wasiƙu. Delia ta farka, ta dube shi, ta dube ni, ta ɗauki ledarta ta sauka ba tare da an ce mata komai ba. Muka bi ta da kallo tana hawa gangaren.

Hannuwansa biyu na kan sitiyari, injin na ta kaɗawa.

"Marnie, wata biyu kina ce min Delia. Yau Delia ta sallame ki." Ya juyo gare ni. "In ni ne ba kya so, ki faɗa min a nan. Zan ji zafi, amma ba zan mutu ba."

"Kashe motar," na ce.

Ya kashe. Sai kukan tsuntsaye da ƙarar ƙarfen injin yana hucewa.

"Ba kai ba ne. Tsoro nake ji. Wendell, ban taɓa yin sati ɗaya a wani gida ba. Duk safiyar duniya na buɗe ido dutsen can nake gani. Ka ce can ko tudu babu. In na tafi, wa zai san ni? Wa zai san Mama?"

"Ni," ya ce. "Sai da ta gyara min magana kafin ta ba ni kofi, kin manta?"

Na murza maɓallin rigar har ya kusa tsinkewa.

"Ka kai ni in ga garin da idona. In tsaya a kicin ɗin gidan in leƙa taga. Sannan in ba ka amsa."

"Laraba fa suke jira."

"Yau Asabar."

"Tafiyar kwana biyu ce in za a yi ta a hankali."

"To me kake ƙirgawa? Gobe bayan coci."

Ya dube ni ya daɗe, kunnuwan nan suka yi ja. Sai ya ce, "Daddynki ba zai bari mu tafi mu biyu ba."

Gaskiyarsa. Muka hau gangaren a ƙafa. Daddy na zaune a baranda yana wasa wuƙar yankan ciyawa. Na tsaya a gabansa na zayyana masa komai da sauri, kafin ƙarfin halina ya gudu. Ya saurara har ƙarshe, ya gwada kaifin wuƙar da babban yatsa, ya ajiye ta. Ya ciro wayarsa daga aljihun gaba, ya nisanta ta daga fuska yana lalubo lamba.

"Loretta," ya ce, "haɗa kayanki. Gobe za ki Kansas."

Daga inda nake tsaye ina jin ihunta ta cikin wayar.

To ga amsarku. Ban ce eh ba, ban ce a'a ba. Jakata na bakin ƙofa, na sa rigunana uku a ciki, nawa na kaina. Anti Loretta kuma ta turo saƙo yanzun nan, wai ita ba ta zama a gefen taga saboda iska, a tsakiya za ta zauna.